Kai Kaɗai, Ko Cikin Ayari?

Kogin Kaduna ya raba garin gida biyu. Wanda ya taso daga cikin gari ya nufi kudu, da zarar ya wuce filin wasa na Ahmadu Bello ya haye gada, ya shiga yankin ma'aikata da matafiya ke nan. A nan ne tsohuwar tashar jirgin ƙasa take, inda layin da ya taso daga Ikko zuwa Kano ya gamu da wanda ya bi ta Kafanchan ya gangara Fatakwal. A nan ne kuma Kakuri, inda aka buɗe masaƙar Kaduna ta fari a 1957, inda kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motar nan 504 a 1975, wadda kowa ke kira Fijo. Yawancin masaƙun sun rufe tun cikin shekarun 2000, amma mutanen da suka jawo ba su koma ba. 'Ya'yansu da jikokinsu ne suka cika Makera, da Nasarawa, da Barnawa, da Narayi, da Television, da Unguwar Romi, da Sabon Tasha, da Gonin Gora.

Kusan kowane gida a waɗannan unguwanni yana da wani gida a wani wuri. Wannan ɗan Kwoi ne, wancan na Zonkwa, maƙwabcinsa na Kagoro, na bayansa kuwa daga Filato ko Binuwai ko Inugu. Saboda haka ba ma rabuwa da hanya. In ba Kirsimati ba, bikin aure; in ba rasuwa ba, taron zumuntar mata ko komawar yara makaranta. Duk sa'ad da tafiya ta taso kuwa, tambaya guda takan taso a tsakar gida: "Baban yara, kai kaɗai za ka, ko za ka jira su wane ku tafi tare?" Tambayar ba ƙarama ba ce. Amsarta takan shafi aljihu, takan shafi zumunci, wani lokaci har ta shafi rai. Bari mu dube ta tare, mu fara da mutanen dā.

Yadda fatake suka amsa

Tun kafin a kafa garin Kaduna, fataken Hausa sun riga sun yanke wannan magana. Masu fataucin goro sukan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato su nufi Gwanja, watau kasuwar Salaga a arewacin ƙasar Gana ta yau, tafiyar da ta fi kilomita 1,000. Sukan ɗora wa jakuna kanwa, da rinannun tufafi, da fatu, da busasshiyar albasa, su haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su komo da huhunan goro. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci shekara guda. Babban ayari yakan kai mutum 1,000 ko fiye, har da mata da 'yan dako.

Irin wannan taro ba ya tafiya haka kawai. Akwai madugu, uban tafiya, wanda shi ke faɗin ranar tashi da hanyar da za a bi, shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin wucewa, shi ke raba gardama. Akwai jagaba, wanda ke gaba yana duban hanya da wurin sauka. Akwai uban dawaki, wanda ke tattara kuɗin da ya hau kan kowa. Akwai malamin da ke rubuta lissafi. Akan tashi da asuba, a sauka a zango kafin rana ta yi nisa, domin dabbobi su yi kiwo, masu goro kuma su kwance huhu su tsince wanda ya fara ɓaci. Sunan zango ya zauna har yau: ga Zangon Aya a hanyar Zariya, ga Zangon Katab, ga kuma unguwannin Zango a Kumasi da Ankara.

Abin lura shi ne, kowane falke da nasa jari da nasa jakuna. Ba a haɗa dukiya ba, hanya aka haɗa. Mutum yakan sayar da ɗan 'yancinsa, watau ya tashi sa'ad da aka ce a tashi, ya tsaya sa'ad da aka ce a tsaya, ya sayi tsaro da shi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai goro ya koma bin teku da dogo, manyan ayarin Gwanja suka mutu sannu a hankali. Amma a ƙasar Nijar ayarin gishiri na raƙuma daga Agadas zuwa Bilma ya rayu har cikin wannan ƙarni, shugabansa kuwa, ko a bakin Buzaye, madugu ake ce masa.

Ɗaki a kan taya

Turawa da kalma guda suke kiran ayari da kuma wani ɗan ɗaki mai taya wanda mota ke ja, watau karaban. A ƙasashensu mai hali yakan sayi irin wannan ɗaki, ko kuwa motar da aka gyara cikinta aka sa gado, da murhun gas, da tankin ruwa, ya ɗebi iyalinsa su yi ta yawo lokacin hutu, inda dare ya yi musu nan ne masauki. A Ingila an kafa ƙungiyar masu irin wannan yawo tun 1907. A Jamus kuwa tun farkon shekarun 1950 aka fara mai da ƙaramar bas ɗin Volkswagen ta zama ɗakin kwana.

Dattawanmu sun ga irin waɗannan motoci da idonsu. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sukan ƙetaro hamada daga Aljeriya, su bi ta Tamanrasat, da Arlit, da Agadas, da Damagaram, su faɗo Kano, waɗansu su zarce Jos ko Kaduna, motocinsu sun yi buɗu-buɗu da ƙura, an ɗaure jarkoki da tayoyi a bisa. Daga shekarun 1990 tashin hankali a Aljeriya da arewacin Nijar ya kashe wannan hanya ga masu yawon buɗe ido. Amma waɗanda suka bi ta sun bar darasi guda: ko mai son kaɗaici, in ya iso bakin rairayi yakan jira wata mota su shiga tare, gama mota ɗaya in ta kafe ba mai janyo ta.

Mu a nan ba mu cika sayen mota domin kwana a ciki ba, amma muna da irin namu. Dubi bas ɗin zumuntar mata ranar tafiya babban taro: tabarmi a naɗe a bisa, manyan tukwane, buhun shinkafa, galan na manja, bokitai, har da itace. Inda suka sauka, ajin makaranta ya zama ɗaki, duwatsu uku sun zama murhu. Dubi direbobin manyan motoci a Tafa ko Mararrabar Jos, kowa da tabarmarsa da risho da butarsa a ƙarƙashin mota. Dubi Fulani masu ƙaura, gida dukansa a bayan shanu da jakuna. Duka gida ne a kan hanya, tambayar kuma ita ce dai tamu.

Waɗanda suka tafi su kaɗai

Kada mu ce mai tafiya shi kaɗai ba shi da hankali. Newton Jibunoh, ɗan Nijeriya, ya tuƙo ƙaramar Volkswagen shi kaɗai daga Landan ya ƙetaro Sahara ya iso gida a shekarun 1960. Abin da ya gani na fari da gurgusowar hamada shi ya sa daga baya ya ba da ƙarfinsa ga dashen itatuwa. Amma da ya tashi ƙetarawa ta uku a 2008, yana da shekara 70, da abokan tafiya ya yi ta. A 2024 wata budurwa, Pelumi Nubi, ta taso daga Landan cikin watan Janairu a ƙaramar Peugeot 107 wadda ta gyara ta sa wurin kwana, ta bi ta Maroko da Muritaniya da Sanagal, ta iso Ikko ranar 7 ga Afrilu. Ta yi haɗari a ƙasar Kodebuwa, aka gyara motar, ta ci gaba. Ita kaɗai ce a motar, amma dubban mutane suna biye da labarinta ta intanet.

Haka ma Baturen nan Heinrich Barth. Su uku suka taso daga Tarabulus a 1850. Ya shigo ƙasar Hausa ne cikin ayarin gishiri na Buzaye, ya iso Kano a 1851. Abokansa biyu, Richardson da Overweg, suka mutu a ƙasar Barno, ɗaya a 1851, ɗaya a 1852. Akan ce shi kaɗai ya ƙarasa tafiyar har Tambutu, ya koma gida a 1855. Amma yana tare da barorinsa, cikinsu har da yaran nan biyu, Dorugu da Abbega, yana kuma bin ayari daga gari zuwa gari. Idan muka bincika, za mu tarar duk wanda ya yi suna a kan tafiya shi kaɗai, akwai hannuwa da yawa da suka tallafe shi.

Yawa ba shi ne ayari ba

Sai dai kuma taro kawai ba ya ceton mutum. A watan Janairu 1982 Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Birtaniya ta lokacin, yana cikin tseren motoci daga Paris zuwa Dakar, a cikin 504 irin tamu ta Kakuri. Motar ta lalace a hamadar Aljeriya, sauran motocin da suke tare suka wuce, ba a kuwa faɗi daidai inda aka bar su ba. Kwana shida shi da abokansa biyu suka yi kafin jirgin saman sojan Aljeriya ya hango su. Shi ɗan mai mulki ne, ƙasashe suka tashi nemansa. Talakawa ba su sami haka ba. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamadar Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Damagaram. Motoci biyu suka ɗauko su daga Arlit, duka biyun suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Suna da yawa, amma ba madugu mai tsoron Allah, ba isasshen ruwa, ba wanda ke jiran isowarsu da zai yi kururuwa da wuri.

Mu ma a Kaduna mun ga namu. Sa'ad da satar mutane ta yi tsanani a hanyar Abuja, jama'a suka koma jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016, suna cewa cikin taro ba abin da zai faru. Ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin hari da dare, aka kashe waɗansu, aka tafi da fiye da mutum 60 daji. Na ƙarshensu ba su fito ba sai cikin Oktoba, jirgin kuwa bai komo aiki ba sai Disamba. Ba muna faɗin wannan domin mu tsorata kowa ba ne. Muna so ne mai karatu ya gane cewa abin da ya mai da taro ayari shi ne tsari, da sanin hanya, da alkawarin cewa ba za a bar kowa a baya ba.

Hanyoyinmu biyu

Manyan hanyoyi biyu suka fita daga kudancin Kaduna. Ta fari ta bi ta Gonin Gora, ta wuce Kakau, da Rijana, da Katari, da Jere, da Tafa, har dutsen Zuma ya bayyana, a shiga Abuja. Kusan kilomita 190 ke nan. Hanya ce mai yawan motoci, da wuya ka yi minti biyar ba ka ga wata ba. Haɗarinta shi ne gudu, da manyan motoci, da wuraren da aka karkatar da hanya saboda gyara.

Ta biyu ita ce hanyar gida ga yawancinmu. Daga garejin Television ko Sabon Tasha, sai a wuce matatar mai da aka buɗe a 1980, a bar Mararrabar Rido a baya, a shiga Kujama, sa'an nan Kasuwan Magani. Daga nan gari yakan ja baya, duwatsun Kajuru su fito, gonakin dawa da masara su miƙe hagu da dama. A wuce Kufana da Idon, a isa Kachia bayan fiye da kilomita 100. A Kachia hanya ta rabu: ɗaya ta nufi Kwoi, ƙasar citta, ɗaya ta nufi Zonkwa, daga can a kai Kagoro a gindin dutsenta, inda ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu, a ƙarasa Kafanchan. Da kaka, in hunturu ya fara busawa, mata suna shanya citta a bakin hanya, yara suna ɗaga doya da rake da ƙwaryar zuma, ba hanyar da ta fi ta daɗin kallo.

Amma tsakanin gari da gari akwai daji mai tsawo, akwai inda waya ba ta samun layi, akwai kuma inda makaniki ya yi nisa. Iyalan wannan yanki ba su manta da ranar 5 ga Yuli 2021 ba, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 120 daga makarantar Bethel a bakin wannan hanya. Halin hanya yakan sāke daga shekara zuwa shekara, har daga mako zuwa mako. Shi ya sa ba a tambayar wanda ya bi ta bara. Direban da ya shigo gareji da safen nan ake tambaya.

Daɗin kowanne da nauyinsa

Mai tafiya shi kaɗai sarkin kansa ne. In ya ce ƙarfe shida, ƙarfe shida ne. Ba ya jiran mai neman takalmin yaro, ba ya tsayawa sayen doya sau huɗu. Yana da zarafin yin tunani, yakan kuma yi magana da baƙi fiye da wanda ke cikin 'yan'uwansa, gama mai abokai ba ya bukatar tambayar kowa. Tafiya mabuɗin ilimi ce, aka ce, mai kaɗaici kuwa yakan fi buɗe kunne. Amma in barci ya fara fizgarsa ba mai taɓa shi. In taya ta fashe shi ne mai jak, shi ne mai tsaron kaya. In zazzaɓi ya kama shi a hanya ba mai karɓar sitiyari. Kuɗin mai kuma duka a kansa yake, wannan kuwa ba wasa ba ne tun daga ƙarshen Mayu 2023, sa'ad da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki.

Tafiya da abokai ta rage kuɗi, ta rage tsoro, ta gajarta hanya da hira da waƙa. Amma tana da nata kaya. Ayari da saurin mafi rauni yake tafiya. Wani yana son gudu, wani yana son lallaɓawa. Wani ya ci ya sha, in aka zo biyan kuɗin mai sai ya shiga lalube a aljihu. Mun san aminai da suka tafi biki a mota guda suka komo ba sa ga maciji da juna, ba don wani babban abu ba, sai don ba a faɗi tun a gida wanda zai biya me ba. Hanya takan tone halin mutum. Wanda kuke gaisawa da fara'a kowace Lahadi, sai kun kwana a daji da mota a lalace za ka san ko wane ne shi.

Wata shekara mun tafi ɗaurin aure wajen Kwoi da motoci uku. Tun a Sabon Tasha aka sa wani dattijo, tsohon direba, ya zama madugu. Ya ce motar da ta fi tsufa ta shiga tsakiya, mai igiya da kayan gyara ya bi baya, kowa kuma ya tsaya a Kachia ko da bai ga dalili ba. Samari suka yi gunaguni, gama motarsu sabuwa ce. Bayan mun wuce Kufana sai bel ɗin fankar motar tsakiya ya tsinke, ruwa ya tafasa. Ta baya ta tsaya nan take. Ta gaba ba ta sani ba, waya kuma ba layi, amma da suka ga madubi ba kowa sai suka juyo. Cikin awa guda aka sa wani bel da dattijon ya ajiye a but. Wata tsohuwa da ke zaune a inuwa ta dubi saurayin da ya fi kowa gunaguni ta ce, "Ɗana, da kai ne a wannan mota kai kaɗai fa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiyarki, Mama." Mun isa a makare, an riga an fara, amma mun isa dukanmu.

Shawara ga masu tafiya tare

Ku zaɓi madugu tun a gida, mutum mai sanyin rai wanda ya san hanyar, ku kuma yarda maganarsa ce ta ƙarshe har ku sauka. Ku yanke maganar kuɗi kafin a tada mota: mai, da abinci, da abin da za a yi in gyara ya taso. Ku sa mutum guda ya riƙe kuɗin, kamar uban dawaki. Kada ayarin ya yi yawa. Motoci biyu zuwa huɗu sun isa, gama dogon jerin gwano yakan jawo ido, yakan kuma sa na baya gudu domin ya cim ma na gaba. Kowane direba ya riƙa duban na bayansa a madubi. Ku ajiye wuraren haɗuwa da sunansu. Ku ƙidaya yara duk inda aka tsaya, da baki, ɗaya bayan ɗaya. Masu karatu sun tuna yadda Yusufu da Maryamu suka yi tafiyar yini guda daga Urushalima suna tsammani yaron yana cikin ayari. Kowa ya ɗauka yana wurin wani.

Shawara ga wanda dole ya tafi shi kaɗai

Ba kullum ake samun aboki ba. Rasuwa ba ta jiran kowa, aiki ma haka. In haka ta kama, ka mai da mutanen gida ayarinka. Ka faɗa wa mutum biyu, ɗaya a inda ka taso, ɗaya a inda za ka, hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata ka isa, da abin da za su yi in lokacin ya wuce. Ka kira su a kowane babban gari. Ka tashi bayan gari ya waye, ka sauka kafin magariba, kamar fatake. Ka duba taya, da birki, da ruwa, da baƙin mai, ka ɗauki ruwan sha fiye da bukatarka. Ka huta bayan awa uku ko huɗu. Ka ajiye lambar hukumar kiyaye haɗura, wadda aka kafa a 1988, watau 122. In motar haya za ka shiga, ka shiga a cikin gareji inda ake rubuta sunan fasinja da lambar danginsa. Arahar motar bakin titi ta sha jefa mutane cikin hannun mugaye. In kwana ya kama ka a mota, ka nemi wurin da mutane suke, kusa da masu tsaro ko harabar da aka san ka. Kada ka kunna gawayi ko risho ko janareta a cikin rufaffiyar mota, kada kuma ka yi barci inji yana aiki gilashi a rufe, gama akwai iska mai guba wadda ba ta da wari, takan kashe mutum cikin barci.

To, wanne ya fi?

A ganinmu, gajeriyar tafiya da rana a hanya mai mutane, babba mai lafiya yana iya yinta shi kaɗai ba laifi. Amma doguwar tafiya, ko wadda ta ratsa daji, ko wadda akwai yara da tsofaffi a ciki, ta ayari ce. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Jinkirin awa biyu saboda jiran ɗan'uwa bai kai kwana guda a asibiti ba.

Akwai kuma wani abu da ya wuce lissafin riba. Tun rikicin shekara ta 2000 kogin nan ya zama kamar iyaka, Kirista suka taru a kudu, Musulmi a arewa, yara da yawa suka girma ba su san maƙwabcin da ba irinsu ba. Hanya ba ta san wannan iyaka ba. Direban da ya tsaya ya ba ka jak a Katari, da mai facin da ya buɗe maka shago a Jere, da matar da ta riƙe miki jariri a jirgi daga Rigasa, ba su tambayi unguwarku ba. Ayarin dā ma haka yake, Bahaushe da Babarbare da Banufe da Buzu a zango guda.

Saboda haka, in Disamba ta zo kuna ɗaura kaya, ku dubi unguwa. Akwai gwauruwar da ba ta ga ƙauyensu ba shekara uku saboda kuɗin mota. Akwai ɗalibin da zai tsaya bakin titi da jakarsa yana ɗaga hannu ga motar da bai sani ba. In akwai kujera guda a motarku, ku neme su tun da wuri. Zumunta a ƙafa take. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.